Turakun Baba

Litinin, 4 ga Satumba, da hantsi

Kwana shida ke nan da aka tafi da Baba asibiti a Trelew. Mama tana can wurinsa. A gida daga ni sai Kaka Audelina, sai tumaki ɗari biyu da sha ɗaya, yawancinsu da ciki.

Kaka ta ce tunda ba na iya magana da mutane, to in yi da takarda. Ta ce kullum in nemo abu ɗaya da zan gode wa Allah a kai, ko da gishirin miya ne. Wannan ragowar littafina ne na ajin ƙarshe a firamare.

Na gode da Baffa Nicanor ya zo ranar Talatar nan, alhali ba ranar zuwansa ba ce, ya tarar da Baba a rumfar askin tumaki da sauran numfashi.

Ban shiga rumfar askin tumaki ba. Kaka ma ba ta aike ni ba.

Laraba, 6 ga Satumba, da yamma

Baffa ya zo. Ya ce in raka shi mu ga shingen haihuwa da Baba ya fara a bayan tudu, inda iska ba ta dukan jarirai. Bara a fili tumaki suka haihu, dila da sanyi suka kwashe mana fiye da rabi. Turke sittin ake bukata. Baba ya kafa ashirin da shida.

Baffa ya bi layin yana ƙirga taki da ƙarfi. Bakwai. Sha uku. Tara. Sha ɗaya. Ya tsaya ya cire hula.

Da muka koma ya ce wa Kaka, "Inna, mutumin da ya shekara ashirin yana kafa wa manyan gonaki shinge, turke da turke taki goma, ba ƙari ba ragi. Je ki ga abin da ya yi. Tun a nan ya kamata mu gane."

Kaka ta miƙa masa ƙoƙon shayin mate ta ce, "Sha, kada ya huce."

Ya ce shi ba mugu ba ne, amma tsohuwa da yarinya ba za su iya tsare tumaki masu haihuwa a fili ba. Idan shinge bai rufe ba zuwa ɗaya ga Oktoba, zai zo da babbar mota ya kwashe su zuwa gonarsa, a kulle gidan, mu koma wurin matarsa a Gan Gan.

Kaka ta ce, "To in ɗan'uwanka ya dawo, ya dawo ina?"

Da zai tafi ya sa bindigar Baba a mota, da igiyoyin da ke rataye a bayan ƙofa.

Na gode da ya kawo sukari.

Alhamis, 7 ga Satumba, bayan ƙarfe ɗaya

An karanta saƙonnin mutanen karkara a rediyo. Wani ya ɓatar da doki, wata ta haihu. Babu namu.

Asabar, 9 ga Satumba, da yamma

Baffa ya zo da dagi ya ce bari ya gwada, kada a ce bai yi komai ba. Ya auna taki goma daidai ya fara haƙa. Ƙasa da tafin hannu biyu ya tarar da tosca, farar ƙasar nan mai taurin dutse. Dagin yana tsalle yana ƙara kamar ƙararrawar makaranta. Daga safe zuwa la'asar rami biyu ya yi, ko gwiwa ba su kai ba. Hannunsa ya ɗuri ruwa.

Ya ce, "Wannan ba ƙasa ba ce, kan babanki Evaristo ne." Ya yi dariya, sai kuma ya daina. Ya ce sai dai inji, kuma babu injin da zai hau nan kafin rani.

Ni abin da na kasa tambaya shi ne, to Baba da me ya haƙa nasa ashirin da shida, shi kaɗai, cikin sati biyu?

Na gode da ban yi kuka a gabansa ba.

Lahadi, 10 ga Satumba, da rana

Na gwada da kaina. Dagin ya fi ƙarfina. Babu namu a rediyo.

Talata, 12 ga Satumba, da yamma

Mun yi baƙuwa. Wata farar mota ta tsaya, wata mata mai furfura da takalman maza ta sauko tana neman ruwan zafi. Sunanta Malama Ofelia, daga jami'a take. Na ɓuya a bayan murhu.

Kaka ta ce a gidan nan ba a ba mutum ruwa a tsaye. Ta zaunar da ita, ta zuba mata romon rago da dankali. Malama ta ce tana aiki a ramin da masu gyaran hanya suka ɗebi tsakuwa, kusa da mararraba, kuma tana neman wanda zai riƙe mata bakin igiyar awo.

Kaka ta ce, "Ga Marisel nan. Ba ta da surutu, ba za ta dame ki ba. Kwana uku za ki yi ba ki san muryarta ba."

Malama ta leƙo bayan murhu ta ce, "Ni kuma ina da surutun mutum biyu, mun dace."

Na gode da ba ta tambayi inda Baba yake ba.

Laraba, 13 ga Satumba, da yamma

Na sha wuce ramin tsakuwar nan a motar makaranta, ban taɓa kallon bangonsa ba. Malama ta kankare shi da ƙaramin cebur, sai ga wasu abubuwa a jere kamar manyan karas da aka soke a ƙasa, faɗi a sama, tsini a ƙasa, kowanne ya fi ni tsawo. Kewayensu fari ne mai tauri. Cikinsu yashi ne ja-ja. Ta ce in sa yatsa. Ya shige.

Ta ce da can, fiye da shekara dubu ashirin, ƙasar nan a daskare take har can ƙasa, ba ta narkewa ko da rani. In sanyi ya tsananta sai ta tsage, kamar yadda laka take tsagewa in tafki ya ƙafe, amma manya-manya. Iska ta cika tsagar da yashi. Wata shekara ta sake tsagewa a wurin, iska ta sake cikawa. Haka ɗaruruwan shekaru. Yanzu sanyin ya tafi, ƙanƙarar ta tafi, amma tsagar tana nan. Ta ce da ita ake shaida cewa an taɓa yin wannan sanyin, tunda ba wanda ya gani balle ya ba da labari.

Ban san lokacin da na yi magana ba. Na ce, "A nan kaɗai suke?"

Ta ce, "Ashe da murya." Ta ce suna ko'ina a kan tudun nan, a haɗe da juna kamar raga. Daga sama ba a cika gani ba, sai in ƙanƙara ta zuba kaɗan, ba mai yawa ba. In ta zuba, in hau wuri mai tsayi da sassafe in duba.

Da na ba Kaka labari ta ce ta san su, garken mutanen da ne, kakarta ta nuna mata. Na faɗa wa Malama da ta kawo ni gida, ina tsoron ta yi dariya. Ba ta yi ba. Ta ce wa Kaka, "Kakarki ta riga jami'a gani."

Na gode da burodi da cuku da ta raba da ni.

Alhamis, 14 ga Satumba, bayan ƙarfe ɗaya

"Ga Audelina Pilquimán a Aguada Chica, daga surukarta: Evaristo ya fara cin abinci."

Kaka ta tashi ta fita wurin kaji. Ta daɗe.

Juma'a, 15 ga Satumba, da azahar



Da safe na tarar ƙanƙara ta zuba, siririya kamar an barbaɗa gari. Na tuna maganar Malama, na hau tudu. Filin bayan tudu gaba ɗaya ya zama kamar bayan kunkuru. Farin layi nan, farin layi can, suna haɗuwa gida-gida, wasu masu kusurwa biyar wasu shida, har iyakar ganina. Nan na tashi, nan nake kiwo, ban taɓa gani ba.

Sai idona ya sauka a kan turakun Baba. Na farko a kan farin layi yake. Na biyu ma. Na sauko da gudu na bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk ashirin da shida, kowanne yana tsaye daidai inda farin layi ya ratsa hanyar shinge. Ramukan Baffa biyu suna tsakiyar gida, inda babu layi.

Rana ta fara fitowa, layukan suna narkewa a idona. Na cika rigata da duwatsu na bi zaren da Baba ya ja, duk inda layi ya ratsa in ajiye dutse. Na faɗi sau biyu. Na ƙarshe na ajiye su ne da zato, don ƙanƙarar ta riga ta tafi.

Na ɗauko dagi na je dutsen farko. Na ɗaga na saki. Ya shige har kusan rabi. Yashi ne ja-ja, mai laima.

Kaka ta zo da sandarta ta duba ramin, ta duba turakun. Ta ce, "Ɗan banza. Da ya buɗe baki ya faɗa wa mutane." Ta share ido da haɓar gyale. Sannan ta ce ba a taɓa garken mutanen da sai an nemi izini. Ta koma ta ɗebo ganyen mate, ta barbaɗa a ramin, ta yi magana a hankali da yaren kakanninta, wanda ni ban iya ba. Ta ce, "To, haƙa."

Yau ban san da wanne zan fara godiya ba.

Lahadi, 17 ga Satumba, da yamma

Bakwai. Turakun da muka kafa ke nan. Dokinmu Moro ne yake jan su, ni in ɗaga, Kaka ta tsaya daga nesa tana rufe ido ɗaya tana cewa dama, hagu, ke makauniya ce? Sai in cika da tsakuwa in daddanna da gindin dagi yadda na ga Baba yana yi.

Yanzu ko babu ƙanƙara ina gane layin. Ciyawarsa ta fi tsayi kaɗan, kuma a nan piche, ƙananan dabbobin nan masu ɓawo a baya, suke haƙa ramukansu. Su ma sun sani. Kowa ya sani sai mutane.

Na gode da Moro, ko da ya taka min ƙafa.

Talata, 19 ga Satumba, da rana

Malama Ofelia ta biyo yin sallama, aikinta ya ƙare. Na kai ta ta gani. Ta durƙusa ta murza yashin a hannu, ta bi turakun Baba tana ɗaukar hoto. Ta tambayi wa ya koya masa. Na ce ban sani ba. Ta ce ita sai da ta yi shekara shida a jami'a. Ta cire rigar sanyi ta haƙa mana rami biyu, tana haki tana cewa gara awo.

Ta ce in ya dawo tana son ta zo ya zagaya da ita. Ta ce "in ya dawo" kamar tana cewa in an jima.

Sha biyu.

Laraba, 20 ga Satumba, da yamma

Iska tun safe, ko tsayuwa ba a iya yi. Ba mu kafa ko ɗaya ba. Na tarar da tunkiya ɗaya a mace a bakin kwari, dila ya riga ni. Babu namu a rediyo, kwana shida ke nan. Kaka ta ƙona burodi ta ce laifina ne.

Yau ban gode da komai ba.

Alhamis, 21 ga Satumba, da safe

Jiya na yi ƙarya. Kaka ta shafa min kitsen rago a tafin hannu.

Juma'a, 22 ga Satumba, da azahar

Ƙotar cebur ta karye, ɗayan kuma yana cikin rumfar aski. Kaka ta ce za ta je. Na kalli gwiwoyinta na ce a'a.

Na buɗe ƙofar duka biyu don haske ya shiga. Ban kalli sama ba. An mayar da bencin da Baba ya hau wurinsa, ban san wa ya mayar ba. Warin ulu da man inji, kamar kullum.

Ceburin yana jingine kusa da sabuwar ƙofar shinge da Baba ya haɗa da katako. A bangon bayanta na ga rubutunsa da gawayi. Lambobi ne a jere. Bakwai, sha uku, tara, sha ɗaya. Ya ja layi a kan ashirin da shida na farko. Sauran suna nan ba a ja musu ba, har zuwa sittin.

Na kwafe su a hannuna na je na auna da duwatsuna. Takinsa ya fi nawa, sai da na riƙa buɗe ƙafa kamar agwagwa. Duk sun yi daidai, sai ɗaya, na arba'in da bakwai, ya wuce dutsena da taki guda.

Ya auna har ƙarshe. Yana da niyyar gamawa. Na zauna a gindin turke na daɗe ina maimaita wannan.

Sha shida.

Lahadi, 24 ga Satumba, da yamma

Baffa ya zo da kwalaye don mu fara haɗa kaya. Kaka ta ce ya ajiye su, kaji za su ji daɗin kwana a ciki. Ta ce in kai shi bayan tudu.

Da ya ga turaku sha tara sababbi ya tsaya. Ya girgiza ɗaya, bai motsa ba. Ya ce, "Wa kuka ɗauko?"

Na nuna kaina.

Ya ƙirga taki. Ya ce, "Ke ma? Abin gado ne?"

Na miƙa masa dagi, na nuna taki goma daidai na ce, "Baffa, nan." Ya buga, dagin ya yi tsalle. Na matsa taki biyu inda dutsena yake na ce, "Yanzu nan." Ya buga da irin ƙarfin farko, saura kaɗan ya kifa.

Na faɗa masa komai, sanyin da, da tsagar, da yashin, da lambobin bango. Ban taɓa yin magana mai tsawon haka da babban mutum ba. Ya zauna a kan turken da ke kwance yana juya hularsa.

Ya ce, "Har likita na faɗa wa. Na ce ko turke ba ya iya jerawa." Can ya ce, "A mashaya ma na faɗa."

Na ce saura sha biyar.

Ya tashi ya tofa yawu a hannu ya ce, "To, shugaba, ina ne na gaba?" Kafin rana ta faɗi ya haƙa shida. Kowanne sai ya ce, "Evaristo, ɗan banza," kamar Kaka.

Na gode da Baffa. Sau biyu ke nan.

Laraba, 27 ga Satumba, bayan ƙarfe ɗaya

"Ga Audelina Pilquimán: Evaristo ya tambayi tumaki."

Asabar, 30 ga Satumba, da yamma

Sittin. Kwana uku Baffa yana jan waya, layi bakwai, ni ina ɗaura sandunan tsakani. Inda turaku suka yi nisa da juna ya ƙara sanda ɗaya. Ya ce har yanzu idonsa ba ya son kallon shingen, kamar haƙoran tsoho, amma zai riga mu duka tsufa.

Ƙofar ce ba mu rataya ba, babu ƙusoshinta, Baba ne ya san inda ya sa su. Mun toshe wurin da waya.

Baffa zai shiga gari gobe. Ya ce in rubuta saƙo ya kai gidan rediyo, a ɗakin su Baba akwai mai rediyo. Na ce Kaka ta faɗa in rubuta. Ta ce ita ba ta haƙa rami ko ɗaya ba. Takarda uku na yaga.

Lahadi, 1 ga Oktoba, da yamma

Babbar mota ba ta zo ba. Ni da Kaka da Moro mun kora tumaki cikin shinge, ɗari biyu da goma.

Litinin, 2 ga Oktoba, bayan ƙarfe ɗaya

An karanta. Duk lardin nan sun ji sunana, na so ƙasa ta tsage in shige.

"Ga Evaristo Pilquimán a asibiti, daga 'yarsa Marisel: shinge ya rufe, turke sittin, duk a kan yashi. Tumaki suna ciki. Na arba'in da bakwai ka yi kuskure da taki ɗaya."

Kaka ta ce, "Mutum yana kwance ki aika masa da gyara?" Amma tana dariya.

Talata, 3 ga Oktoba, da safe

Ta fari ta haihu, mace. Jiya da yamma ma an karanta saƙonni, babu namu.

Laraba, 4 ga Oktoba, da yamma

Babu namu. Wataƙila bai ji ba. Wataƙila bai kamata in sa maganar kuskuren ba. Jarirai biyar, duk da rai. Na gode da su.

Juma'a, 6 ga Oktoba, bayan ƙarfe ɗaya

Ina wanke kwanoni mai karantawa ya ce Aguada Chica. Bai ce daga surukarta ba.

"Ga Marisel Pilquimán, daga babanta: ba kuskure ba ne, piche ya rarake wurin, ki matsar da turken. Ƙusoshi suna wurina a aljihu. Kada kowa ya taɓa ƙofar, ni zan rataya ta ranar sha biyar."

Na je na duba. Akwai ramin piche a gindin na arba'in da bakwai, turken har ya fara kwantawa. Gobe zan matsar da shi.

Na shiga rumfa na share wa ƙofar ƙura. Saura kwana tara.